Mai Zane da Mai Ɗaki: Tsara Matatar Ruwa a Garuruwan 'Yan Asalin Kanada



Ƙasar da zan kai ku yau ba ta cikin waɗanda ake buga misali da su idan ana maganar ƙishirwa. Kanada ce, ƙasar tafkuna da koguna, ga kuɗi ga ƙwararru. Duk da haka, a can arewacin lardin Ontariyo akwai wani garin 'yan asalin ƙasa mai suna Neskantaga, mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wanda aka umarci mazaunansa da su riƙa tafasa ruwan famfo kafin su sha tun ranar 1 ga Fabrairun 1995. A Fabrairun 2025 aka cika shekara 30 cur ba a ɗage umarnin ba. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da aka kafa wannan doka yau ya isa ya ajiye iyali, kuma bai san daɗin tara kofi a famfon gidansu ya kurɓa ba. Abin da ya kamata ya tsaya wa injiniya a rai shi ne garin yana da matatar ruwa. An gina ta a 1993, ko shekara biyu cikakku ba ta yi ba aka gane ruwan da take fitarwa bai shawuwa. An kashe kuɗi, an zuba kankare, an yanke ƙyalle, an yi ba a yi ba.

Hujjar da nake so in kafa a wannan zama guda ɗaya ce. Matatar da za ta ɗore a ƙaramin gari na 'yan asalin ƙasa, irin waɗanda a Kanada ake kira Al'ummomin Farko, ana fara zana ta ne daga mutumin da zai riƙe makullinta, sannan a dawo kan injin. Kuma hakan ba ya samuwa sai mutanen garin suna da ikon yanke shawara a kan zanen, su ce a'a a kuma saurare su. Tara su a ɗakin taro a nuna musu taswirar da aka riga aka gama, a ɗauki hoto, bai kai a kira shi shawara ba.

Sai mun san yadda aka faɗa rijiyar kafin mu san igiyar da za ta fitar. Tsarin mulkin Kanada na 1867 ya ɗora alhakin 'yan asalin ƙasa da filayen da aka keɓe musu a wuyan gwamnatin tarayya, alhali dokokin ruwan sha na larduna ne. Sakamakon haka, dokar da ke kare ruwan garin fararen fata tana tsayawa a bakin iyakar filin da aka keɓe. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na Ontariyo, ruwan sama ya wanko kashin shanu zuwa cikin wata rijiyar gari, ƙwayar cutar ikolai ta kashe mutum 7, kimanin 2,300 suka kwanta. Ƙasa ta girgiza, aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Dennis O'Connor, lardin ya yi sabuwar dokar ruwan sha a 2002 mai tsananin gaske. Wannan doka ba ta hau kan filayen 'yan asalin ƙasa ba. Da aka fitar da rahoton ƙidayar matatun waɗannan garuruwa a 2011, an duba tsarin ruwa 807, aka samu 314 suna cikin babban haɗari. A Nuwamban 2015, lokacin da gwamnatin Justin Trudeau ta hau da alkawarin kawar da matsalar, akwai umarnin tafasa ruwa na dogon lokaci har 105. An sa wa'adin Maris na 2021, an ɗage da yawa daga ciki, amma wa'adin ya zo ya wuce da saura.

To, mu shiga cikin ruwan kansa, domin nan ne kuskure na farko yake. Mu a nan mun saba da ruwan kogi na damina, ja wur da laka. Ka zuba alimun, ka juya, ka bar shi, laka ta kwanta, ruwa ya washe. Ruwan tafkunan arewacin Ontariyo da Manitoba wani iri ne daban. Yana tsatsowa ne daga dazuzzuka da fadamu masu ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, sai ya fito da launin ruwan shayi, garau kana ganin ƙasan kofi, amma cike da narkakken dattin tsirrai. Abin da ya narke kuwa ba ya tsayawa a rariya. Matatar Neskantaga ta 1993 ta dogara ne da tace ruwa ta cikin yashi, dabarar da ta yi wa biranen Turai aiki tun ƙarni na 19, amma ba ta iya fitar da ruwan da ya cika ma'auni a wannan tafki ba. Kuma launin ba a ido kaɗai ya tsaya ba. Idan aka zuba kulorin a ruwan da wannan datti bai fita ba, dattin zai cinye kulorin ɗin kafin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan haɗuwarsu ta haifar da wasu sinadarai da ake kira tiraihalometen, waɗanda ma'aunin Kanada ya ƙayyade kada su wuce miligiram 0.1 a lita. Ma'aikacin matata sai ya shiga tsaka mai wuya: ya rage kulorin cuta ta wuce, ya ƙara guba ta taru. A watan Yulin 2019 garin Attawapiskat ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan wannan ainihin matsala, har aka ce mutane su taƙaita wanka, su daina wanke abinci da ruwan famfo. Tafasawa ma ba ta warware irin wannan.

Shi ya sa injiniyan da ya sauka a jirgi a tsakiyar bazara, ya ɗebi ruwa kwalba biyu ya koma birni, bai ga ruwan garin ba tukuna, ya ga ruwan yini ɗaya ne. Tafkin da ke kwance a ƙarƙashin ƙanƙara wata da watanni, sanyinsa na dab da daskarewa, yana sa alimun ya yi nawar kamawa, kulorin ya buƙaci ƙarin lokaci kafin ya yi kisa, tantanin tacewa ya rage yawan ruwan da yake bari ya wuce. Da ƙanƙara ta narke kuma, duk dattin daji sai ya kwararo a 'yan kwanaki. Matatar da aka auna da ruwan watan Yuli za ta shaƙe a watan Mayu. Wa ya san wane gefen tafki ne yake fara baƙi, wace iska ce ke tayar da laka, ina igiyar ruwa ke juyawa? Masunta da mafarauta da tsofaffin da suka shekara saba'in suna ɗiba a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan fage maganar tana da shaida mai ɗaci. A Kashechewan, garin ƙabilar Kiri da ke bakin Kogin Albany kusa da Tekun James, an dasa bututun jawo ruwa 'yar tazara kaɗan a ƙasa da inda tafkin najasar gari yake tsiyaya, a kogin da tunkuɗowar teku ke sa ruwansa kai da komo. A Oktoban 2005 na'urar zuba kulorin ta toshe, aka samu ikolai a ruwan, aka antaya kulorin mai yawa don a kashe ta, cututtukan fata da yara ke fama da su suka ƙara tsananta, daga ƙarshe aka kwashe kimanin mutum 1,000 a jirage zuwa wasu birane. Babu wani lissafi mai wuya a cikin sanin inda najasa ke bi. Tambaya ce da duk wani yaro mai kwalekwale zai amsa, in da an yi masa ita.

Sai kuma hanya. Yawancin waɗannan garuruwa na arewa ba su da titin da ke haɗa su da sauran ƙasa. Jirgin sama ne duk shekara, sai kuma hanyar ƙanƙara, wato lokacin da tafkuna da fadamu suka daskare har manyan motoci ke iya bi ta kansu, na 'yan makonni a tsakiyar hunturu, kuma ɗumamar yanayi tana ƙara gajarta waɗannan makonni. Ke nan duk buhun siminti, duk bututu, duk durom na sinadari, ko dai ya shigo a wannan ɗan tsakani ko a biya kuɗin jirgi. Ruwan kulorin kuwa ƙarfinsa yana raguwa idan ya daɗe a ajiye, don haka wanda aka sauke a Fabrairu ba shi ne a Nuwamba ba. Mai zane da ya zaɓi dabarar da ke cin sinadarai kala biyar, ko famfon da babu safayarsa sai a wata ƙasa, ya riga ya rubuta ranar da matatar za ta tsaya. Labarin Shoal Lake 40, a kan iyakar Manitoba da Ontariyo, ya isa misali. Daga tafkinsu birnin Winifeg ke shan ruwa tun 1919, kuma aikin jawo ruwan ne ya haƙa mashigin da ya yanke garin ya mayar da shi tsibiri. Su da ke zaune a bakin tafkin sun shiga umarnin tafasa ruwa a 1997. An taɓa jingine shirin gina musu matata saboda tsadar tsallakar da kaya. Sai da aka gina titi mai tsawon kilomita 24, wanda suka raɗa wa suna Hanyar 'Yanci, aka buɗe shi a 2019, sannan matatar ta samu ginuwa a kan dalar Kanada miliyan 33, aka ɗage umarnin a Satumban 2021 bayan shekara 24. Shekara biyu kacal tsakanin titi da ruwa. Mutanen garin sun daɗe suna cewa a fara da titi.

Yanzu mu zo kan mai makulli. Ina so ku hango shi da sassafe a cikin ɗakin gwaji. Ya tara ruwa a 'yar kwalba, ya barbaɗa farin garin gwaji, ruwan ya koma ruwan hoda, ya sa a na'ura ya karanta yawan kulorin da ya rage. Ya auna gurɓacewar ruwa. Idan ruwan tafki ya canza cikin dare, sai ya jera tuluna shida na gilashi, ya sa wa kowanne alimun gwargwado daban, 'yan filafilai suna juyawa, yana tsugune yana kallon wanne ne dattinsa zai dunƙule ya kwanta da wuri. Daga nan ya wanke matatai, ya duba famfuna, ya cika littafin rajista, ya shirya kwalaben da za a aika birni a jirgi. In bututu ya fashe a ƙarshen gari, shi za a kira. In ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfe uku na dare, shi ne dai. A birni wannan aikin mutum goma ne. A Fabrairun 2021 Babbar Mai Binciken Kuɗi ta Kanada, Karen Hogan, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na matatun waɗannan garuruwa ba su da ma'aikaci mai cikakkiyar takardar shaida, kashi 56 kuma ba su da mataimaki mai irin wannan takarda. Albashin ma'aikatan ya gaza na takwarorinsu na waje da kimanin kashi 30, kuma ma'aunin da ake lissafa kuɗin gudanarwa da gyara ya shekara 30 ba a taɓa shi ba. Har ƙarshen 2020, tarayya kashi 80 na wannan lissafi take biya, a bar wa garin da ba shi da wata hanyar samun kuɗi ya nemo kashi 20. Matatu kuma a Kanada aji huɗu ne, kowane aji da takardar da yake buƙata. Idan mai zane ya ɗora wa gari matata mai aji uku alhali ma'aikacin da ke wurin yana aji ɗaya, to ya gina abin da babu mai ikon tuƙa shi a garin tun ranar buɗewa. Wanda ya yi karatu ya samu takardar kuma, kamfanin haƙar ma'adinai ko wata ƙaramar hukuma za ta ɗauke shi da albashi mai tsoka. Mu ma da muke da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da suka tsaya saboda ƙaramin abu ya lalace babu mai gyara, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu.

Na san wani zai ce, to ai maganin a bayyane yake, a gina musu mai sauƙi. Wannan magana tana da rabin gaskiya, kuma rabin da ya rage shi ya kayar da Neskantaga, domin babu abin da ya kai matatar yashi sauƙi. Ruwa mai wuya yana buƙatar tacewa mai ƙarfi, ko ƙauye ko birni. Abin da ake nema shi ne matatar da wuyarta ke cikin zane, sauƙinta kuma a hannun mai aiki. Yellow Quill, wani gari a lardin Saskacewan, ya shekara tara yana tafasa ruwa daga 1995. Wani masanin ruwa, Dokta Hans Peterson, ya tare a wurin da ƙaramar matatar gwaji, shi da ma'aikatan garin suka shafe watanni masu yawa suna gwada dabaru a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ƙarfe da amoniya da sauran abubuwa. Abin da suka tsaya a kai shi ne a bar ruwan ya ratsa tankuna cike da tsakuwar gasasshen yumɓu, inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zaune suna cinye abin da ke toshe tantani, sannan a matsa ruwan da famfo ta cikin tantani mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, daga ƙarshe a ɗiga kulorin kaɗan. A ilimance wannan ya fi matatar gargajiya zurfi nesa ba kusa ba. A hannun ma'aikaci kuwa ya fi sauƙi, don babu tsugunnon tuluna kullum, sinadaran da ake saye kaɗan ne. An ɗage umarnin a 2004, wasu garuruwan 'yan asalin ƙasa a yammacin Kanada suka ɗauki tsarin. Ba ina tallar wannan dabara ba ne, don ruwan wani gari zai ƙi ta. Abin da nake nunawa shi ne watannin gwajin, da kuma cewa waɗanda za su gaji matatar suna wurin tun tana 'yar ƙarama, sun san dalilin kowane bututu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma daga bakin injiniyoyi na kirki yake fitowa. Sukan ce ƙwayar cuta ba ta san ƙabila ba, lissafin kulorin ɗaya ne a ko'ina, kuma duk watan da aka ɓata ana tarurruka yara ne ke ci gaba da shan ƙazanta. Na yarda da kashin farko ba tare da ja ba. A wurin mutanen Anishinabe, ɗaya daga cikin Al'ummomin Farko, ruwa abu ne mai alfarma, mata ne ake ɗauka a matsayin masu tsaronsa, kuma wata dattijuwarsu, Josephine Mandamin, ta zagaye Tafkin Superior da ƙafa a 2003 ɗauke da bokitin ruwa don jawo hankali kan haka. Da yawa daga cikin tsofaffi ba sa son warin kulorin, suna ganin ruwan ya mutu. Girmama wannan bai kai a cire kulorin daga bututu ba, Walkerton ta nuna abin da ke biyo bayan sakaci da shi. Sai dai injiniyan da ya toshe kunne ya ce camfi ne, ya manta cewa ruwan da ba a sha bai kare kowa ba. Idan famfo yana wari, tsohuwa za ta aiki jikanta ya ɗebo daga tafki, wanda ba a tace ba sam. Ƙorafinta umarni ne na zane: a fitar da narkakken datti sosai tun farko, a ƙara da hasken ultrabayolet mai kashe ƙwayoyin da kulorin ba ya iyawa da su irin kiriptosforidiyom, sai ya zama ɗan kaɗan kulorin ya wadatar, warin ya ragu, gubar ma ta ragu. Abin da tsohuwa ke so da abin da ɗakin gwaji ke so sun haɗu a wuri ɗaya. Batun ɓata lokaci kuwa, a sa shekara guda ta gwaji da shawara a hannu ɗaya, a sa shekara 30 ta Neskantaga a ɗayan. Ko gyaran da aka fara yi wa matatar tasu daga 2017 bai hana a kwashe mutanen garin a 2019 ba, aka sake kwashe su zuwa birnin Thunder Bay a Oktoban 2020 bayan an ga maiƙo yana yawo a saman tankin ajiya.

Akwai kuma masu lissafin kuɗi. Dala miliyan talatin da wani abu saboda mutum ɗari uku ko huɗu, in ji su, ai gara a kai musu ruwa a tanka, ko ma a mayar da su kusa da birni. An gwada duka biyun. A lardunan tsakiyar ƙasar gidaje da yawa na 'yan asalin ƙasa suna shan ruwan da mota ke zubawa a tankin ƙasa, tankin da ke tsagewa, datti ya shiga, ba a wanke shi a kai a kai, sai ruwan da ya fito lafiya daga matata ya lalace a ƙofar gida. Ƙaura kuma, a 2006 wakilin gwamnati Alan Pope ya ba da shawarar a mayar da mutanen Kashechewan kusa da birnin Timmins, suka ƙi, suka ce a matsar da su kan tudu a cikin ƙasarsu. Mutanen da aka yi yarjejeniya da kakanninsu a kan wannan ƙasa, aka taɓa ɗauke 'ya'yansu da ƙarfi zuwa makarantun kwana, ba za su ji kalmar ƙaura da kunnen akanta ba. Sannan lissafin kansa gurgu ne. An daɗe ana ba da kwangila ga wanda ya faɗi farashi mafi ƙasa, ana duba kuɗin gini kawai, ba a duba kuɗin shekara ashirin na sinadari da wuta da albashi. Araha ba ta ado. Kuɗin jiragen kwashe mutane, da ɗakunan otal, da ruwan roba da ake saukewa a jirgi shekara da shekaru, duk daga aljihu ɗaya suke fita. A ƙarshen 2021 kotuna suka amince da sulhu na dala biliyan 8 a ƙarar da garuruwan Neskantaga da Curve Lake da Tataskweyak suka jagoranta, biliyan 1.5 diyya ga ɗaiɗaikun mutane, aƙalla biliyan 6 don ayyukan ruwa.

Ƙorafin da ni kaina nake ganin ya fi ƙarfi shi ne na ƙarshe: garin mutum ɗari uku ba zai iya ajiye masanin sinadarai da injiniyan lantarki da mai gyaran na'ura mai kwakwalwa ba, komai ikon da aka ba shi. Gaskiya ne, kuma duk zanen da ya ɗauka cewa mutum ɗaya zai zama komai, ya yaudari kansa. Amma amsar da ke fitowa daga wurin mutanen kansu ita ce haɗa kai. An daɗe da shirin ƙwararrun da ke zagaya garuruwa suna koyar da ma'aikata a cikin matatunsu. A garin Dryden majalisar sarakunan Keewaytinook Okimakanak tana da cibiyar horar da ma'aikatan ruwa. A gabashin ƙasar kuma, a ƙarshen 2022, al'ummomin Mikmak da Wolastoke suka karɓi ragamar ruwansu a ƙarƙashin hukuma guda mallakarsu, ta farko irinta a Kanada, wadda ke ɗaukar ma'aikata da biyan su da tsara gyare-gyare. Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan teburin zane. Idan garuruwa goma suna amfani da famfo iri ɗaya da na'urar auna kulorin iri ɗaya, safaya ɗaya za ta yi wa kowa, ma'aikacin wannan gari zai iya riƙe wa na wancan idan ya tafi jana'iza ko farauta, ƙwararre ɗaya kuma yana iya kallon alƙaluman dukkansu ta intanet ya buga waya kafin abu ya ɓaci.

Saura abu ɗaya da injiniya ba zai iya zanawa ba, wato ma'aunin da doka za ta kama shi da shi. Dokar ruwan sha ta 2013 da tarayya ta yi wa Al'ummomin Farko, su da kansu suka ƙi ta, domin an yi ta ba da su ba, ta ɗora musu alhaki ba ta zo da kuɗi ba, aka soke ta a 2022. Ƙudurin da aka gabatar a Disamban 2023 don maye gurbinta ya mutu a kan tebur lokacin da aka dakatar da zaman majalisa a Janairun 2025, makonni kaɗan kafin Neskantaga ta cika shekararta ta 30.